Saura Falale Tara

Takwas saura minti goma.
Ina bisa rufin gidan Idwal, guduma kwance a cinya,
ni da ita muna jiran agogo ya ba mu baki.
Takardar ƙaramar hukuma na manne a ƙofa cikin leda:
takwas zuwa shida, Litinin har Juma'a,
Asabar a sauka ƙarfe ɗaya,
Lahadi ko ƙusa kada ta yi tari.

Wanda aka hana aiki ba a hana shi kallo ba.
Daga nan garin duka bai fi tabarma ba:
layuka uku sun gangara suna neman teku,
gada mai baka biyu, kogi na wucewa ba sallama,
coci huɗu, ɗaya ta koma shagon kafet,
wata kuma tantabaru ne limamanta.
Can bisa tudu ramin da kakana ya fasa dutse,
yau ruwa ya cika shi, kore shar, shiru kamar bashi.
Tumaki sun watsu a gangare
kamar wanki da iska ta kwashe daga igiya.
Allon tasha na faɗin sunan garin da harshe biyu,
na Wales a sama, yadda ya kamata.
Jirgin ƙasa mai tarago biyu ya tsaya,
ya sauke mutum ɗaya da kare.

Duk rufin da ido ya kai, dutsen tudun nan ne.
Mun kwashe dutsen mun kifa wa kanmu.

Ga labulen Tegwen ya motsa.
Shekara tamanin da ɗaya, kunne kamar na zomo.
Ranar Talata na yi kuskure da minti huɗu,
kafin azahar wasiƙa ta isa ofis.
Ta ce mijinta ya yi shekara talatin yana aikin dare,
ta koyi gadin barcin safe kamar mai gadin kwai,
ya mutu tuni, ita ba ta sauka daga gadin ba.

Takwas. Na ɗaga guduma.
Tsuntsayen teku suka tashi suna zagina,
su da ba su da takarda.

Haka mako ya tafi, falale bisa falale,
ƙusar tagulla biyu ga kowane,
shayi ƙarfe goma, ciwon gwiwa ƙarfe uku,
shida na yi in ajiye, ko da ƙusa na tsakiyar tafiya.

Sai Asabar. Ɗaya saura kwata,
hadari ya taso daga teku, baƙi kamar gindin tukunya.
Saura falale tara,
ƙarƙashin ramin kuwa gadon Idwal ne,
shi da ƙirjinsa mai kukan ƙofa.
Na buga, na buga, hannu na rawa.
Agogon kasuwa ya ce ɗaya.
Saura biyar.

Na tsaya. Doka ba ta san hadari ba.
Na jawo tamfol, iska ta ce ba ta yarda ba.

Ƙofa ta buɗe a ƙasa.
Tegwen, da rigar ruwa bisa rigar barci,
ta ɗago agogon hannunta sama kamar shaida.
Ta ce, “Meurig, wancan na kasuwa gaggawa gare shi.
Nawa ya ce saura minti ashirin,
kuma nawa ne ake kai ƙara da shi.”

Na buga biyar ɗin, ɗigon farko na sauka a wuyana.
Tana tsaye tana ƙirgawa da baki.
Da na kai ta ƙarshe ta juya,
ta ce Litinin takwas, ba takwas saura ba,
ta ja ƙofa.

Lahadi gari ya yi tsit.
Ruwa kaɗai ke aiki a kan rufi,
ba wanda ya rubuta masa wasiƙa.